Katin da Baba Ya Kife

Mahaifina, Malam Sama'ilu, ya yi shekara talatin da biyu yana koyar da Turanci a firamaren ƙauyenmu, kuma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ni ce 'yar fari, a gidanmu kuwa ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce tun ta kakanni. Sai dai ya ce "ke", ko ya tambayi Inna Hure, mahaifiyata, "Ina yarinyar nan?" Ko a aji, in yana kiran rajista ya zo kan Tahira, sai ya ɗaga kai ya dube ni, ya gyaɗa, ya wuce. Ita Inna in na ɓata mata rai bakinta yakan suɓuce, shi kuwa ko da wasa. Na yi aure a Ɗanbatta, na haifi uku, ina nan dai a yarinyar nan. Mutane suna yabon wannan kara tasa. Ni kuwa abin ya daɗe yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Bara da damina, yana maimai a gonar geron bayan gida, ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita a Kano ya ce mu riƙa sa shi maimaita abin da harshensa ya fi sabawa da shi. Inna ta gwada Fatiha, ta dawo masa kaɗan-kaɗan. Bayan ita kuma shiru.

Ni ce na tuna da katunansa. Suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Da hannunsa ya yanka su daga kwalin sukari, kowane kati kalma ɗaya mai haruffa uku, ya ɗaure su dami-dami kamar gero, masu ƙarewa da haruffa iri ɗaya a dami ɗaya. Duk wanda ya bi ta ajinsa ya rera su har ya gaji.

Kullum da hantsi mukan fito da shi gindin darbejiya, in zauna gabansa ina ɗaga kati. Mako guda ba abin da ya fito sai yawu da hawaye. A rana ta tara na ɗaga wani, sai na ji murya kamar daga cikin rijiya.

"Mat," ya ce. Ya huta. "Tabarma."

Kafin gero ya fitar da kai ya gama damin farko: cat, kyanwa, hat, hula, rat, ɓera. Inna tana tankaɗe a gefe ta ce, "Sama da shekara arba'in ina tuƙa masa tuwo, bai farka da sunan tuwo ba sai da na ɓera." Muka yi dariya, ita ce ta farko a gidan tun faɗuwarsa.

Daga nan wani tunani ya shige ni. Na ce ciwon da ya kwashe masa magana, ƙila ya haɗa da kunyar ya tafi. Na yanki kwali, na rubuta sunana da manyan haruffa irin nasa, na cusa a tsakiyar dami na uku. Na san dabara ce nake yi wa marar lafiya, kuma mahaifina. Amma shekarata arba'in da ɗaya, sau ɗaya kawai nake so in ji.

Ranar Lahadi na fara ɗagawa.

"Hen, kaza," ya ce. "Pen, biro."

Na ɗaga nawa. Ya daɗe yana kallon katin. Leɓensa ya motsa. Sai ya ɗaga kai ya dube ni, irin duban nan na rajista, ya gyaɗa. Ya miƙo hannun hagu ya karɓi katin, ya kife shi a kan tabarma a hankali, ya nuna na gaba.

"Ten," ya ce, tar da bakinsa. "Goma."

Na tattara katunan na shiga madafa, na ce wa Inna, "Ya kasa."

Ba ta ko ɗago ba. "Bai kasa ba. Kin fi kowa sanin bai kasa ba."

Zuciya ta ɗebe ni. Da azahar na ɗauki mayafina na fita titi na tari motar Ɗanbatta. Na ce yara na jirana, sai Juma'a zan dawo. Ban ko leƙa na yi masa sallama ba.

Ranar Laraba da hantsi aka bugo mini waya. Kafin in iso an sa shi a makwancinsa.

Sai bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Inna ta zaunar da ni a gindin darbejiyar. Ta ce tun da na tafi bai yarda ya karanta ko kati ɗaya ba, duk wanda ya ɗaga masa sai ya kawar da kai. Amma ya yi magana, magana cikakkiya, wadda ba ta cikin kowane dami.

"Me ya ce?" na tambaye ta.

"Kullum aka fito da shi sai ya zuba wa ƙofar zaure ido," in ji ta. "Ya ce, ina yarinyar nan?"