Ranar da Rediyo Ya Wuni Yana Kiɗa

Duk wanda ya san unguwar New Bell a Duwala ya san Hapsatu mai fanke, wadda ke tuya a bakin lungun bayan masallaci, inda kwata ke cika ta batse ko da yayyafi aka yi. Wanda ya san Hapsatu kuma ya san rediyonta, wani ɗan baƙi mai karyayyiyar eriya da aka ɗaure da zaren buhu, yana rataye a ƙusa sama da kasko. Ya sha hayaƙi har ya yi ƙyalli.

Ɗanta na fari, Usaid, direban babbar mota ne. Yakan ɗauki kaya daga Duwala har Kuseri, ya dawo wa kasuwar Sandaga da albasa. Hanyar nan kuwa, tsakanin Mora da Waza, tun da yaƙin arewa ya ɓarke 'yan bindigar daji suka mai da ita gonar ubansu. Motoci sai sun taru sojoji sun raka su. Waya kuma, da an wuce Marwa, sai ta koma kayan ado.

To, Hapsatu mutuniyar da ce. Ɗan fari ba a kama sunansa, ba a tambayar lafiyarsa a gaban jama'a, ko da zuciya za ta fashe. In abin ya ci ta, sai ka ji ta ce da mai sayen fanke, "Wai albasa ta fara shigowa kuwa?" Kowa ya san wace albasa ake nufi, kowa kuma sai ya yi kamar bai sani ba.

Tashar da take saurare ita ce Muryar Wuri, ta wani Alhaji Bakari, mai shagunan atamfa a kasuwar Mboppi, wanda ma'aikatansa ke kira Patron. Wasu in kuɗi ya yi musu yawa mota suke ƙarawa, shi gidan rediyo ya buɗe. Doka ɗaya ya kafa tun ranar farko: ba a maganar yaƙi. "Kowa na da baƙin cikinsa a gida," in ji shi. "Mu ba gidan makoki ba ne." Saboda haka a Muryar Wuri, yaƙin nan har yau bai fara ba. Da safe gaishe-gaishe. Da hantsi shirin girki, inda wata 'yar yarinya ke koya wa matan da suka aurar da jikoki yadda ake dafa shinkafa. Da la'asar wasan kwaikwayo na wani mutum da akuyarsa ta ɓata, tun bara waccan yake nema, da alama kuma akuyar ta fi shi jin daɗin rabuwar. Tsakiyar rana kuma labarai, daga bakin Abdurrahim.

Abdurrahim ɗan unguwa ne, ya yi boko har Faransanci ya zauna a bakinsa. Marigayiya uwarsa aminiyar Hapsatu ce. Matsalarsa ɗaya, bai iya ƙarya ba. In labarin hari ya shigo, doka ta hana shi karantawa, in ya cire kuma sai a bar rami a tsakiyar shirin. Sai ka ji ya yi gyaran murya ya ce, "Masu saurare, bari mu ɗan shaƙata." Sai kiɗa.

Matan unguwa ba su yi boko ba, amma Allah bai hana su kunne ba. Ba a jima ba suka gane karatun. In Abdurrahim ya zuba surutu a kan cunkoson gada da taron iyayen yara har lokaci ya cika, hanya lafiya. In ya sa waƙa guda, an yi harbi. In waƙa ta bi waƙa, an ƙone mota. In kuwa ya kai ga kiɗan biki mai guɗa, to a fara share tsakar gida, wani zai karɓi gaisuwa. Da wannan Hapsatu take rayuwa. Rediyon na gaya mata abin da bakinta ba zai iya tambaya ba.

Ranar wata Litinin, Usaid yana can wajen Mora a hanyar dawowa, wayarsa shiru tun kwanaki, Hapsatu ta kunna rediyo da safe ta ji kiɗa. Ta ce ƙila gaishe-gaishen ne suka makara. Hantsi ya yi, babu 'yar shinkafa, kiɗa. Rana ta take, lokacin labarai ya zo ya wuce, ko gyaran muryar ba a yi ba. Sai ga guɗa ta tashi daga cikin rediyon, rangaɗau, kamar ana kai amarya.

Fanken da ke kasko ya koma gawayi tana kallonsa.

Maƙwabciyarta Asibi, wadda mijinta soja ne a can bakin iyaka, ta faɗo lungun da takalmi wari ɗaya.

"Inna, kin ji? Tun asuba! Ko ranar da aka ƙone motocin nan ba a yi haka ba!"

"Na ji. Rufe bakinki, ƙuda zai shiga."

"Na buga wa gidan rediyon waya ta ƙi shiga, kowa bugawa yake. Inna, ƙarewa aka yi?"

Hapsatu ta duba lungu. Mai shayi ya kife kofunansa. Tela ya tsai da keke. Ko'ina rediyo a ƙure, ko'ina kalangu na tashi, mutane kuma tsaye cirko-cirko kamar an fito da gawa. Ba a taɓa ganin unguwa ta sha kiɗa haka da jajayen idanu ba.

Ta sauke kasko, ta yafa mayafi. "Tare mana bensikin," ta ce. Ita da ta rantse ba za ta sake hawa babur ɗin haya ba tun da wani ya zubar da ita a kwata, ranar ita ce ke ce wa direba ya ƙara wuta.

Gidan rediyon ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi. Suka tarar da Abdurrahim ya miƙe ƙafa a kan tebur, yana cin gasasshen kifi, na'ura na ta kiɗanta ita kaɗai, waya a gefe na ta kuka ba mai kula ta. Da ganin Hapsatu ya sauke ƙafa ya durƙusa.

"Gwaggo! Ke da kanki? Lafiya?"

"Kai za a tambaya. Mutum nawa?"

"Mutum nawa me?"

"Abdu, ni na yi wa uwarka wankan jegonka. Kada ka yi mini Faransanci. Tun safe kake kiɗa. Faɗa mini, zan iya ɗauka."

Kafin ya amsa, ƙofar ciki ta buɗe, Patron ya fito cikin shadda mai maiƙo, fuska kamar gonar auduga.

"A'a, masu saurare har gida! Hajiya, kun ji sabon tsarinmu? La nouvelle grille! Daga yau kiɗa zalla, safe har dare."

"Sabon tsari," in ji Hapsatu.

"Bincike muka yi, ba da ka ba. Na ɗauko wani masani, ya zagaya unguwa wata guda. Ya ce in ana labarai, mutane na harkokinsu, ba mai ko ɗaga kai. Amma da an sa kiɗa, kowa sai ya ajiye abin da yake yi ya ƙure rediyo. Mata har fitowa suke daga gida! Waya kuwa, ji da kunnenki." Ya nuna wayar da ke kuka. "Tun safe ba ta huta ba."

Asibi ta ce, "In sun kira me suke cewa, Alhaji?"

"Tambaya ɗaya ce: waƙa nawa za ku sa yau? Wata ma kuka take. Kin ga ƙauna!"

Hapsatu ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Allah ya ƙara wa masanin nan ilimi," ta ce, "don wanda yake da shi bai ishe shi ba."

Abdurrahim dai ya ture kifin gefe. Ya dubi Asibi da takalminta wari ɗaya, ya dubi hannun Hapsatu da ke murza bakin mayafi. Shi a zatonsa rami yake toshewa da kiɗan nan. Bai taɓa sanin cewa shi ne mai shelar unguwa ba.

"Gwaggo," ya ce a hankali, "yau ko duba labaran ban yi ba. Tun da an soke shirin..."

"To duba."

Ya jawo kwamfuta. Ɗakin ya yi tsit, ban da amaryar da ake ta kaiwa a cikin na'ura. Hapsatu ta kafa ido a bango, inda aka manna hoton wata atamfa, ta ƙirga furanninta ta sake ƙirgawa, ba ta san adadinsu ba har yau.

"Babu komai," in ji Abdurrahim. "Wallahi babu. Ayarin motoci ya wuce Mora jiya da rakiya, lafiya lau. Bakin iyaka ma shiru, Asibi."

Asibi ta sulale ƙasa tana hamdala. Hapsatu ta ce, "To. Dama albasa nake tambaya, ta yi tsada." Sai dai ta nemi kujera ta zauna.

Can ta ce, "Sai ka buɗe abin maganar nan ka gaya wa unguwa hanya lafiya."

"A'a, a'a!" Patron ya ɗaga hannu. "In ka ce yau lafiya, ka ce jiya ba lafiya ke nan. Ça, c'est la politique, siyasa ce wannan. Ba a gidana ba."

Ana cikin haka wayar aljihunsa ta yi ƙara. Daga Mboppi ne. Wai 'yan kasuwar arewa duk sun rufe shaguna sun taru ana addu'a, layin atamfa ba kowa, ko ƙyalle ba a sayar ba tun safe. Patron ya saurara, gonar audugar ta bushe. Mutuwar mutane a Waza siyasa ce, amma atamfa ta wuni ba a taɓa ta ba, wannan musiba ce.

"Me zai sa su buɗe?" ya tambaya.

"Surutu," in ji Hapsatu. "Kashe kiɗan, a yi surutu mara amfani, irin wanda kuka saba."

'Yar shinkafa an sallame ta, mai akuya ya tafi ƙauye. Abdurrahim ya dubi Hapsatu, ya tura mata abin magana gabanta.

Haka mutanen New Bell suka ji guɗa ta yanke a tsakiya, sai wata murya da suka sani ta ce, "Wannan abin a kunne yake? To. Mata, ina wuninku. Yau zan gaya muku abin da ke sa fankenku shan mai kamar ɗan bensikin." Ta yi bayanin kwaɓi. Ta yi bayanin yis. Ta zagi masu sa ruwan sanyi, ta koma kan wata mata da ta ari kaskonta tun kafin a yi kwalta a unguwa, ba ta kama suna ba amma ta faɗi launin ƙofarta. A lungu mai shayi ya tayar da kofunansa. Keken tela ya ci gaba da sururu. Ba wanda ya saurari ko kalma ɗaya, kuma ba a taɓa jin daɗin shiri kamar wannan ba.

Daga ranar kullum tsakiyar rana Asibi ke tsare kasko, Hapsatu ta hau bensikin. Kafin ta zauna sai ta dubi Abdurrahim, shi kuma ya dubi kwamfuta ya gyaɗa kai, sannan ta buɗe baki. Ta san sarai akwai ranar da ba zai gyaɗa ba, kuma ita za ta fara sani. Ta ce gara haka. Amma wayar Usaid har yanzu shiru, kuma ayari ya wuce ba shi ne mutum ya iso ba.

Ranar Alhamis tana tsakiyar bayanin wake, Abdurrahim ya ce akwai mai kira a layi.

"Salamu alaikum, Muryar Wuri?" Murya ce a shaƙe, ga ƙugin mota a bayanta. "Usaid ne direba, daga Edeya, da wayar wani nake kira, tawa an sace a Ngaundere. Yanzu tashar ta kama, sai na ji kamar muryar tsohuwata. Don Allah a sa mata kiɗa mai daɗi, na biki, mai guɗa..."

"Kul!" Hapsatu ta daka tsawa har na'ura ta yi ƙara. "Abdu, ka taɓa abin nan sai na karya maka yatsa! So kake ka kashe matan unguwa?"

"Inna? Ke ce da gaske?"

Duk New Bell na saurare, wannan karon da gaske. Hapsatu ta gyara mayafi, ta dubi atamfar bango.

"Mai kira," ta ce, "albasa ta iso lafiya?"

"Ta iso, Inna. Sai dai rabi ta ruɓe, mun daɗe a hanya."

"Ba komai. A kawo ta haka nan." Ta ja hanci, ta ce hayaƙin kifin Abdu ne. "To mata, ina muka tsaya? Wake. In ba ki jiƙa shi ba, kada ki ce ni na koya miki."

Patron kuwa har gobe yana ƙorafi. Ya ce shirin tsohuwar nan bai karɓu ba sam, don tun da ta fara, waya ta daina kuka.