Fenti A Inda Ido Ba Ya Kaiwa

A garin Bakersfield duk wanda ya san Orval Tackett ya san labarin motarsa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinta a kan titi. Ford ce ƙirar 1934. Ya tsinto gangar jikinta a wata gonar auduga tun gashin kansa yana baƙi, ya rage mata tsawon rufi, ya dasa mata ƙaton inji mai silinda takwas. Yanzu gashin ya yi fari fat, ya bar aikin rijiyoyin mai, motar kuwa tana nan a gareji bisa jak. Ba lalaci ne ya hana ta fita ba. Orval dai ba ya iya ganin ƙarfe tsirara. Ko noti ya sayo sai ya wanke shi, ya fesa masa jan fenti, ya bari ya bushe, ya dawo ya ƙara.

Ƙungiyarsu ta masu ƙera irin waɗannan motoci, Dilolin Kwari, tana da doka: ba a ba mutum allon ƙungiya, na alminiyam ɗin nan da ake ratayawa a bayan mota, sai motarsa ta kawo kanta wurin taro. Wadda aka ɗauko a tirela ko kallo ba ta isa ba. Allunan da magabata suka ƙera saura ɗaya tak, kuma wani mai sayar da tayoyi da ya gama tasa motar ya ƙyalla ido a kai. Dewey Pruitt, shugaban ƙungiya, ya ce ya gaji da ajiya. In Orval bai zo taron yammacin Asabar a motarsa ba, mai tayoyi ya ɗauka.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Dewey ɗin da kansa ya zo taimako, tare da Fermin Etcheverry, makiyayin tumaki mai hannuwa kamar shebur. Su uku suka ɗaga akwatin giyar motar suka ɗaure shi a bayan inji. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba: a haɗa kwanbata da faranti. Kwanbata dunƙulen ƙarfe ce mai siffar kabewa, cike da mai, ita ke karɓar juyin inji ta miƙa wa giya. Farantin kuwa siriri ne, a gindin inji yake. Ta ƙasa ake zura hannu a jawo kwanbatar gaba kaɗan, hancinta ya shige ramin da ke tsakiya, ta manne da faranti, sannan a ɗaura kusoshi.

Orval ya kwanta rigingine ya zura yatsu ya ja. Ta matso kaɗan ta tsaya. Ya juya ta ya sake ja. Ta tsaya a nan dai, tsakaninta da faranti ɗan fili ne da bai kai kaurin fensir ba.

"Me kake jira, tsoho?" in ji Dewey daga sama. "Sa kusa ka ɗaure, ai da kanta za ta zo."

"Da hannu take zuwa. In ba ta zo da hannu ba, akwai abin da ya tare ta."

"Kai dai ka cika fi'ili! Ɗan wannan filin? Fermin, ba shi sifana."

Fermin ya miƙo. Orval ya karɓa, ya zura kusa ɗaya, ta kama. Wallahi ransa ya so. Juyi kaɗan, a wuce wurin, ya yi wanka ya tafi taro. Amma ya san abin da zai biyo baya: siririn farantin zai lanƙwashe, ya tsage a hanya, motar ta mutu a gaban jama'a ko kafin ta kai gare su. Ya kwance kusar ya turo kansa waje.

"A sauke giya."

Dewey ya cire hularsa ya buga a cinya. "Giyar da muka gama ɗorawa yanzu? Ka san ƙarfe nawa?"

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji Orval.

"Sai dai a daɗe ba a je ba! Kai kam ka daɗe, mutumina. Ni na faɗa maka, ba zan ƙara maka ko minti ɗaya ba. Abota daban, doka daban."

Haka suka sauke ta cikin zafin nan na kwari, gumi yana shiga musu ido, Fermin yana zagi da yaren kakanninsa. Da suka ja akwatin baya, hasken fitila ya sauka a kan kwanbatar. Ja ce wur tana sheƙi, har hancin. A bakin hancin kuwa fentin ya tattare ya yi zobe, daidai inda ramin ya ƙi karɓarsa.

Fermin ne ya fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. "Sarkin fenti! Wa zai leƙa nan? Ɓera?"

Lavonne, matar Orval, ta shigo da tiren burodi da harshen saniya mai tsami. Ta dubi abin ta girgiza kai. "Sau nawa ka fesa masa?"

"Bai fi uku ba," in ji Orval, murya ƙasa-ƙasa.

"Garin neman gira ke nan. To ci abinci tukuna."

Bai ci ba. Kunya ta kama shi, kuma abin dariyar shi ne har da tausayin fentin, don ya yi kyau ƙwarai. Dewey ya miƙa hannu zai ɗauki samfefa, Orval ya hana. Da kansa ya durƙusa ya goge hancin har farin ƙarfe ya fito, ya share ramin, ya shafa ɗan giris. Ya mayar da kwanbatar cikin akwatin giya yana juya ta yana turawa har ta zauna daram. Suka sake ɗagawa suka ɗaure, rana ta riga ta karkata.

Ya koma ƙasa ya zura yatsu biyu. Bai ma ja da ƙarfi ba, sai ji ya yi ƙwas! Ta manne da faranti, ramukan kusoshi suka yi daidai, kusoshin suka shige da yatsa kafin sifana ta taɓa su.

"Ta zo!" ya ƙwala ihu daga ƙarƙashin mota. "Dewey, ka ji ta? Da kanta ta zo!"

Aka zuba mai, aka sauke motar daga jak. Injin ya tashi da rurin da ya sa karnukan unguwa haushi. Orval ya taka birki, ya ja giya. Motar ta ɗan zabura kamar an taɓa ta daga barci. Ya sassauta ƙafa, sai ga bangon gareji yana tafiya baya. Lavonne ta ajiye tire a ƙasa ta faɗa kujerar gefe, ko takalmi ba ta canza ba.

Sun iso filin gidan cin abincin da ake taro mai tayoyi yana tsaye kusa da tasa motar, har ya fito da sukundirebar ɗaura allo. Mutane suka juyo, wani ya gane direban ya yi kururuwa. Aka yanyame motar ana bubbuga ƙofofi, tsofaffi suna sa yatsu a baki suna yin fito. Orval yana zaune baƙi ƙirin da mai, yana dariya hawaye na bin kumatunsa, bai damu da wanda ya gani ba.

Dewey ya ɗauko allon ya kwanta a kan kwalta a bayan motar, da tsufansa da ciwon bayansa, yana ɗaurawa. Salansar motar tana hura masa zafi a fuska.

"Orval! Kashe ta mana, za ta gasa ni!"

Orval ya leƙo ta taga. "Yi haƙuri ka ɗaura a haka, shugaba. Ta daɗe tana shiru."