Maƙwabtan da Suka Tsaya wa Rumyana

Rumyana Gocheva ba ta gama sanin ƙofofin ofishinta na ministar noma ba, sai agana ta ɓulla a cikin tumaki. Ƙauyuka uku ne kacal a kudancin Bulgeriya, can gindin duwatsun da suka raba ƙasar da Girka. Ita da ta tsufa a aikin likitan dabbobi ta san abin yi. Nan da nan ta sa aka killace ƙauyukan, aka hana fita da ko ɗan akuya. Amma labari ya riga ta isa hedikwatar Tarayyar Turai, kuma ya isa da gishirinsa. Kafin mako ya zagayo an fito da shawara: a rufe ƙasar ɗungurungum, kada tunkiya ko madara ko cuku su tsallake iyaka sai baɗi war haka.

Rumyana ta san abin da wannan ke nufi. Makiyayan arewacin ƙasar, waɗanda ko sunan ƙauyukan nan ba su taɓa ji ba, za su wayi gari da madara ba mai saye, kuma da yawansu daga nan sun bar kiwo ke nan har abada.

Taron ministocin noma na Tarayyar ya faɗo a wannan kaka, a garin Sibiu na Romaniya, kuma a nan za a yanke maganar. Ta isa tun ana sauran kwana biyu, ta yi ta bin takwarorinta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya karɓe ta da fara'a, ya jajanta mata, ya ce sai ya tuntuɓi gida. Tun ba ta gane ba har ta gane: a wannan zauren, in an ce sai an tuntuɓi gida, to an ce a'a ke nan.

Daga ƙarshe ta faɗa wurin mai masauki, Ilarie Dobrota, ministan Romaniya, dattijo mai ƙaton gashin baki da ya ga jiya ya ga yau a irin waɗannan taruka. Ya zuba mata gahawa da hannunsa, ya bari sai da ta gama zubar da abin da ke cikinta.

"Maƙwabciya, ni naki ne, kin sani," in ji shi. "Kogi ɗaya muke sha. Amma ni ne shugaban zama, ba zan fara buɗe baki ba. Kuma ko na buɗe, ni da ke me za mu tsinana? Sai an sami babbar ƙasa a bayanmu."

"Na je wurin ta Italiya. Murmushi kawai ta yi mini."

"Ai ba za ta motsa ba sai ta ga inda Lefteris ya sa gaba. Sun daɗe suna tafiya tare a kan maganar man zaitun. Shi za ki gani."

Rumyana ta ajiye kofin. Lefteris Kaludis shi ne ministan Girka, kuma tun tana ƙaramar ma'aikaciya suke kai ruwa rana da shi a kan farin cuku, wane ne ke da ikon sunan, wane ne ke kwaikwayon wani. Ba su taɓa rabuwa a taro ba tare da an raba su ba.

"Yallaɓai, mutumin da in an rufe mu masu cukunsa za su cinye kasuwarmu? Ai shi yau take sallah."

"Ki je dai," in ji Ilarie. "Gobe da rana za mu kai ku ruga kan tudu cin abinci. Ni ne mai raba wurin zama."

Washegari aka kwashe ministoci a mota zuwa wata ruga a saman Sibiu. An jera dogayen tebura a fili, makiyaya na ta kawo tuwon masara mai zafi da cuku a narke a tsakiyarsa, ga ƙarar ƙararrawar tumaki daga gangare. Rumyana ta duba, ta ga sunanta dab da na Lefteris. Mutumin na zaune ya saƙala tawul a wuya, gajere mai sanƙo, yana ci kamar wanda aka yi wa alkawarin ƙwace kwanon.

"A'a! Yau kuma wace rana?" in ji shi. "Uwargida Gocheva da kanta a gefena? Bari in matsar da kwanona, kada a ce cukun ciki ma na Bulgeriya ne."

"Ci abincinka, yallaɓai. Wannan na mutanen Sibiu ne, kuma ya fi naka ya fi nawa."

"To, yau dai mun yarda a kan abu ɗaya. A buga a jarida."

Ta ɗan taɓa abincin, ta ajiye cokali. Ta shirya magana mai tsawo tun a mota, amma da ta buɗe baki sai gajeriyar ta fito.

"Na zo roƙo ne, Lefteris. Ba ni da abin da zan ba ka."

Ya daina tauna. Ya goge baki, ya juyo ya dube ta sosai.

"Ƙauyuka nawa ne? Ba na takarda ba, na gaskiya."

"Uku. Akwai na huɗu da nake zargi, ana gwajinsa."

"Ba ki faɗi na huɗun a rahoto ba."

"Jiya da yamma aka sanar da ni. Kai ne na farko da na gaya wa."

Lefteris ya dubi gangaren. Can ya ce, "Kin san masu cukuna sun dame ni da waya? Wai in zauna in naɗe hannu, Allah ya kashe ya ba mu. Ni kuwa na ce musu, ku wawaye ne? Tsakaninmu da waɗannan ƙauyukan dutse ɗaya ne, kuma cuta ba ta nuna fasfo. In aka saba rufe ƙasa sukutum saboda ƙauye uku, baɗi in ta ɓulla a wurinmu wa zai hana a yi mana haka? Su na ƙasashen arewacin Turai ba su da tumaki kamar mu, tsoro kawai suke ji, kuma ban ga laifinsu ba. Aikinmu ne mu ba su abin da zai kwantar musu da hankali."

"Me zai kwantar musu?"

"Abin da zai kwantar mini. Likitocina da na Ilarie su shiga ƙauyukanki su gani da idonsu, ba mai riƙe musu hannu. Shingen kan iyaka mu tsare shi tare. Sannan," ya ɗauki cokali ya zana da'ira a kan shimfiɗar tebur, "duk garken da ke kewayen nan, mai ciwo da mai lafiya, a kashe a binne. Daga kogin da ya ratsa yankin har zuwa bakin dutse. In kin yarda, zan tashi in yi magana, kuma zan kawo miki ta Italiya."

Rumyana ta dubi da'irar. Tsakanin kogin da bakin dutse akwai ƙauyen da aka haife ta. Ƙaninta Dimcho na can da garken da mahaifinsu ya bari, tumaki masu lafiya sumul, irin da tsohon ya yi ta zaɓe tun suna yara.

"Garken gidanmu na ciki," ta ce.

Lefteris ya ajiye cokalin a hankali. "Ban sani ba, wallahi."

"Na san ba ka sani ba. Da ni ce a kujerarka, nan zan ja layin."

Ta tashi ta zagaya bayan bukkar makiyaya, inda waya ke ɗan kamawa, ta kira Dimcho. Ya ɗauka yana haki, karnuka na haushi a bayansa.

"Yaya, lafiya? Na ji an ce kina can wurin manya."

Ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba.

"Nawa lafiyarsu lau, Yaya. Ke da kanki kika duba su a bazara."

"Na sani."

"To ki matsar da layin mana. Ke ce minista."

"In na matsar saboda kai, Dimcho, da wane ido zan dubi maƙwabtanmu, Stoyko da su baba Petko? Kuma sauran ministocin nan ba za su ƙara yarda da maganata ba. Za a biya diyya."

"Diyya," in ji shi. "A kai wa Baba ita can kabarinsa." Ya kashe wayar.

Ta tsaya a wurin har sai da ta tabbata fuskarta ta koma daidai, sannan ta dawo teburin ta ce wa Lefteris ta yarda. Ya dai tura mata kwanon zuma da goro irin na can, ya tashi ya nufi inda ministar Italiya ke zaune.

Da aka shiga zauren taro da safe, Ilarie ya karanta shawarar rufe ƙasar, ya tambaya ko akwai mai magana. Rumyana ta yi bayaninta, har da ƙauye na huɗu, wanda gwaji ya riga ya tabbatar. Zauren ya ɗauki guna-guni. Sai Lefteris ya ɗaga hannu.

"Kowa a nan ya san ni da uwargidan nan ba ma ga maciji," in ji shi, aka yi dariya. "In akwai wanda zai ci riba da rufe ƙasarta, ni ne. In akwai wanda cutar za ta fara shiga gidansa, ni ne. To ni na ce a rufe yankin kawai, a bar sauran ƙasar ta yi kasuwancinta. Likitocina za su kwana a can. In ta tsallake layin, ni zan fara dawowa nan in ce a rufe."

Ministar Italiya ta ce ƙasarta na goyon baya. Na Sifen ya bi, sai ta Kuroshiya, sai na Saifurus, wanda shekaranjiya ya ce sai ya tuntuɓi gida. Wata minista daga ƙasashen arewa, mace mai nutsuwa da ba ta ɗaga murya, ta yi ta jero tambayoyi masu zafi, kuma duk a kan hanya. Rumyana ta amsa wanda ta sani, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Daga ƙarshe matar ta ce za ta amince, in za a sake duba lamarin a tsakiyar hunturu. A kan haka aka tashi.

A bakin ƙofa Rumyana ta riƙe hannun Lefteris da hannu biyu.

"Kada ki yi mini kuka a gaban 'yan jarida," in ji shi. "Mutanena za su ce kin saye ni."

Aikin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Ta je da kanta ranar da aka zo kan garken gidansu, ta tsaya daga nesa cikin rigar likitoci. Dimcho bai fito ba. Duk tsawon hunturun nan bai ɗauki wayarta ba, sai matarsa ce ke gaya mata cewa yana tashi da asuba kamar kullum, ya je ya tsaya a garken da ba komai, ya dawo. Cutar kuwa ba ta tsallake layin ba. Likitocin ƙasashe uku suka yi ta zirga-zirga cikin dusar ƙanƙara, suna faɗa a kan wa ya fi iya dafa gahawa, har aka kai ga bazara aka ɗage takunkumin.

Ana cikin haka Ilarie ya kira ta. Ya ce makiyayan rugar da suka ci abinci sun ji abin da ya faru, kuma su a wurinsu in garken mutum ya ƙare, kowane maƙwabci tunkiya guda yake kawowa. Sun tara wa ƙauyukan da abin ya shafa tumaki, an gwada su, an yi musu takardu, ranar Asabar za su iso. Lefteris ma, da ya ji, ya ce ba za a bar shi a baya ba, ya ƙara da raguna.

Rumyana ta riga motocin isa ƙauyensu. Mutane sun cika dandalin gaban coci, tsofaffi mata sun fito da burodi da gishiri don baƙi. Da aka sauke ƙofar motar farko, tumaki suka yi ta tsalle suna fitowa, sai baba Petko ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Dimcho na can gefe ya harɗe hannu. Da aka kira sunansa ya zo a hankali, ya kama wata tunkiya, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa bayanta, ya ɗaga ƙafarta.

"Ba irin na Baba ba ne," ya ce, ba tare da ya dubi yayarsa ba.

"Ba irinsu ba ne."

"Amma wanda ya ba da wannan bai ba da ta yarwa ba. Mai kyau ya zaɓo." Ya miƙe ya share hannu a wando. "Mutumin da bai taɓa ganina ba. Ki samo mini sunansa, Yaya."

Kafin ta amsa wayarta ta yi ƙara. Lefteris ne.

"Ragunana sun iso? To madalla. Saurara, maƙwabciya, taron wata mai zuwa akwai maganar ruwan noman rani, kuma mutanen tsibiranmu na cikin wani hali. Ina neman ƙasashe."

"Turo mini in karanta yau," in ji ta. "Zan kira ta Kuroshiya da kaina, ta fi jin maganata."

Ta mayar da wayar aljihu. Dimcho ya riga ya kora rabonsa ya nufi hanyar gida, tumakin na ta watsewa don ba su san muryarsa ba tukuna. Ya waiwayo ya daka mata tsawa kamar lokacin da suke yara.

"Yaya, tsayuwa za ki yi? Tare mini ta wancan gefen!"

Ministar ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta riƙe su a hannu, ta bi bayan tumakin da gudu.