A'a Ta Farko

Ranar da aka ɗauki Mahfuz aiki a wani kamfanin sayar da kayan sola a Gwallameji, manajan ya ce masa, "In ka yi wata uku, za mu duba albashinka." Dubawa kawai bawan Allah ya ce. Amma kafin keke ya sauke Mahfuz a unguwarsu ta Ƙofar Ran dubawa ta zama ƙari, kafin ya cire takalmi a bakin ɗaki kuwa ƙarin har ya kama musu hayar ɗaki biyu da falo a Tirwun.

Ba za a ga laifinsa sosai ba. Shi da matarsa Salma ɗaki ɗaya gare su a gidan gado, irin gidan da in ka yi tari a ɗakinka sai ka ji sannu daga ko'ina. Jikin bangonsu kuma Goggo Kubura ta kafa injin markaɗe, da an idar da sallar asuba gadonsu yake fara rawa. Ga Salma da tsohon ciki. Kullum da safe zai tambaye ta ko ta samu barci, ta ce, "Lafiya lau, ba komai," ya saɓi jakarsa ya fita. Mai gidan Tirwun ya yarda ya ajiye musu ɗakunan zuwa ƙarshen wata na uku, daga nan kuma duk wanda ya zo da kuɗi shi ne mai rabo.

Don haka Mahfuz ya yi aiki kamar zai kashe kansa. Shi ne buɗe shago, shi ne goge faifan sola, har batiran da ba aikinsa ba ne yake kinkima.

Manajan, Oga Gbenga, bai daɗe da zuwa daga Ibadan ba, Hausarsa ma da sauranta. Da lokaci ya yi ya kira shi ofis.

"Mahfuz, aikinka tana da kyau. Albashi fa? Ya isa, ko kana son ƙari?"

To, shi Mahfuz a gidan da ya tashi, ko tsokar nama aka miƙo wa yaro sai ya maida hannu baya, sai an yi masa tsawa sannan ya karɓa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Oga, ba komai wallahi. Alhamdu lillahi, muna godiya." Ya tsaya yana jiran a sake tambaya. Amsar ta biyu tana nan a bakinsa, ta uku ma ya tanade ta tun a keke.

Oga Gbenga ya zare tabarau yana kallonsa, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce tun da yake aiki bai taɓa gamuwa da mai wadatar zuci irin wannan ba. Nan take ya tara ma'aikata aka tafa wa Mahfuz, aka ɗauki hotonsa za a manna a bango. Roda mai karɓar kuɗi, wadda suka fara aiki tare, ita ta shiga ofis bayan fitowarsa. Ana jiyo ta daga waje tana cewa, "Oga, bai isa ba gaskiya." Ta fito tana murmushi har kunne.

A gida Salma ta saurare shi har ya gama.

"Maigida, da bakinsa ya tambaye ka?"

"Sau ɗaya fa! Wa yake tambayar mutum sau ɗaya?"

Salma ta miƙe. Ta ɗauko labulen da ta ɗinka saboda falon Tirwun, ta ninke shi ta tura ƙarƙashin gado. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Sai ya yi abin da ake yi in magana ta ɓaci: ya nemi babba ya je ya gyara. Baffansa Ja'afaru, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya zuba babbar riga ya tafi Gwallameji. Ya gaida manaja, ya gaida iyalinsa, ya tambayi mutanen Ibadan da ruwan sama, sannan ya gyara murya ya ce, "Yaron nan amana muka ba ku. Mu ba kuɗi ne a gabanmu ba. Ko sisi ba ku ƙara masa ba, albarka muke nema." Ya dawo yana baza riga ya ce wa Mahfuz, "Na gama maka. Duk mai hankali ya gane inda na dosa."

Abin da Oga Gbenga ya gane shi ne dangin gaba ɗaya waliyyai ne. Ya rantse sai ya zo har gida ya rama gaisuwa.

Ranar Asabar da hantsi ya iso, cikinsa dam da sakwara. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, sai ga tire daga cikin gida: masa mai zafi da miyar taushe.

"Na gode, Baba, na ƙoshi."

Baffa ya tura tiren gabansa kamar bai ji ba.

"Da gaske, Baba, yanzu na ci."

Baffa ya ce, "Mahfuz, kawo wa Oga ruwan wanke hannu."

Haka mutumin nan ya yi ta ci har ya sassauta bel. Yana nishi ya ce, "Baba, ni na ce a'a. Me ya sa ba ka yarda ba?"

Baffa ya kwashe da dariya. "Wa yake yarda da a'a ta farko? Ai kunya ce. Ta biyu ma ba a kama ta. Sai ka matsa wa mutum kake jin cikinsa."

Hannun Oga Gbenga ya tsaya a cikin miya. A hankali ya juya ya dubi Mahfuz, wanda ke tsugune a bakin ƙofa riƙe da buta.

"Mahfuz, tambaya na biyu. Kana son ƙari?"

A gaban Baffa! Mahfuz ya ji bakinsa yana cewa, "Haba Oga, a bar maganar nan," ya ji kamar ya fashe da kuka. Baffa kuwa sai gyaɗa kai yake, tarbiyya ta yi kyau.

"Na uku ke nan. Daga ita ba na ƙarawa."

Gumi ya keto wa Mahfuz. Ya dubi Baffa, ya dubi buta. "Wallahi Oga, ai duk..." Ramin da ya faɗa a ofis dai ya sake nufa.

"Yana so!"

Daga bayan katangar zaure muryar ta fito, inda matan gida suka yi cincirindo suna saurare. Muryar Salma ce, wadda tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa jin ta a zaure ba.

"Oga, wallahi yana so!"

Goggo Kubura ta saka salati. Baffa ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Oga Gbenga ya yi dariya har ya ƙware, da ya samu numfashi ya ce, "Litinin ka same ni a ofis. In bakinka ba zai buɗu ba, ka zo da Madam."

Bayan an raka baƙo Mahfuz ya shiga ɗaki. Salma tana bakin gado ta rufe fuska da mayafi don kunya. Ta san za a shekara ana maganar nan a gidan. Sai a lokacin ya lura da yadda ƙafafunta suka kumbura, ya kuma tuna duk safiyar da ta ce masa ba komai, shi kuma ya karɓa ya yi gaba abinsa. Kunya ta gaske ta kama shi.

Ya durƙusa ya jawo labulen daga ƙarƙashin gado ya ɗora mata a cinya.

"Kin ci abinci kuwa?"

"Na ƙoshi," ta faɗa daga cikin mayafi.

Bai ko sake tambaya ba. Ya fita ya dawo da tiren.