Hannun Hagu a Pampon Sukut

A kudancin Arlit, bayan gidajen kwano da kwali na ƙarshe, akwai filin da kowa ke kira Sukut. Yaran yanzu sun ɗauka sunan wani bature ne. Mu da muka ga abin da idonmu mun san asalinsa. Lokacin da uraniyom ke da daraja, sosiyete, kamfanin haƙar ma'adinin, na ɗaukar ma'aikata ba dare ba rana, aka yi babban taron ƴan sukut, wato sikawut, a wurin. Yara suka zo daga Yamai da Maradi da Tawa da Damagaram, cikin kamiyoyi, manyan motocin kaya, kowa da fular, ƙyallen sukut, a wuya. Saboda taron aka ja tiyo daga gari aka kafa pampo, aka sa mu dasa itatuwan bedi layi-layi. Da aka watse, tantuna suka tafi, pampo da bedi suka zauna.

Ina ƙaramin aji a lekol lokacin. Shugaban ƙungiyarmu Shef Andarawus ne, Kirista mutumin Maradi, mai gyaran lantarki a izin, wato masana'antar sosiyete. Shi ya haɗa ni tanti ɗaya da Akoli, ɗan Abzinawa, wanda ubansa ke gadi a ƙofar sosiyete. Akoli bai raba namiji da mace a Hausarsa. Kullum da safe sai ya ja mini ƙafa ya ce, "Ke Zayyadu, tashi, rana ya fito." In na yi masa dariya ya hana ni cukun da yake ɓoyewa a aljihu, in na ba shi haƙuri ya gutsura mini.

Shef Andarawus ya koya mana gaisuwar sukut. Ya ce ɗan sukut da hannun hagu yake gaida ɗan'uwansa, don shi ne hannun da ke kusa da zuciya.

Na ce, "Shef, hannun tsarki fa ne."

Ya ce, "To ka wanke shi da sabulu, Zayyadu."

Ranar da na koma gida na miƙa wa babana hagu, sai da na ga taurari tsakar rana. Daga nan muka gane gaisuwar tamu ce mu kaɗai. Ko yau, in waɗanda suka yi sansanin suka haɗu a kasuwa, sai su waiga su tabbatar ba dattijo kusa, sannan su haɗa hagu da hagu.

Daga baya darajar uraniyom ta faɗi. Aka sallami babana daga sosiyete ya koma Damagaram, ni na ƙi binsa, na kuma bar lekol. Na yi yaron kamiyo a hanyar Agadas, na sayar da mai a kwalba, na tura baro, ba wanda na daɗe a kai. Uban Akoli ma an sallame shi, suka koma daji wajen dabbobi, ban sake jin labarin Akoli ba.

Sai fari ya zo ya haɗu da tawaye. Mutanen daji da dabbobinsu suka ƙare suka fara gangarowa gari, suka kafa bukkokin tabarma a ƙarƙashin bedin Sukut, don nan ne akwai inuwa da ruwa. Pampon kuwa ya koma zuwa da safe kawai, kafin rana ta yi zafi ya ɗauke. Layin bido, jarkokin ɗibar ruwa, ya yi tsawo, faɗa ya yawaita. Nomau, wani mahauci mutumin Tawa, ya tara samarin unguwa ya ce za mu riƙa sintiri. Na shiga, don ba ni da abin yi, kuma akwai shayi da ɗan tsire.

Nomau ya sa wa pampon sarƙa da kwaɗo. Ya ce, "Ruwan ga na gari ne. Wa ya san wa suka kai ma shi cikin duwatsu? Sai ƴan unguwa sun gama, kana mu gani."

Ƴan unguwa kuwa ba su taɓa gamawa kafin ruwan ya ɗauke.

Wata safiya ina tsaye gefen Nomau da sanda a hannu, sai wani dogon saurayi ya fito daga wajen bukkoki, rawani ya rufe masa baki, da bido biyu. Bai tsaya a layi ba, ya nufo mu kai tsaye. Da ya matso ya sauke rawanin daga fuskarsa, na ga Akoli. Ya rame, amma dariyar tana nan. Ya ajiye bidon ya miƙo mini hannun hagu.

Nomau ya dubi hannun, ya dube ni.

"Kai Zayyadu, ka san shi?"

Da na buɗe baki na ce eh, abokina ne, gaisuwar sukut ce, da shi ke nan. Amma a kwanakin nan an kama mutane kan zancen tawaye saboda an ce sun san wani wanda ya san wani. Na ji idon samari duka a kaina. Na dubi ƙasa na ce, "Ina zan san shi?"

Hannun Akoli yana nan a miƙe. Nomau ya sauke masa sanda a kan hannun.

"Mu zaka miƙa ma hagu, ɗan Buzu? Karnukanka ne mu?"

Sauran suka rufe shi. Ban dake shi ba, ban kuma hana ba. Da ya samu ya miƙe, ya riƙe hannun a ƙirji. Ya bar bidonsa nan ya koma. Nomau ya ɗaga murya yadda na bukkoki za su ji, ya ce daga yau ko ɗigo ba za su samu ba, tunda raini suka zo da shi.

Na kasa cin abincin rana. Da la'asar na tafi wajen Shef Andarawus. Shi ma an sallame shi tuni, yana gyaran rediyo a wata rumfa kusa da majami'arsu. Na zauna a kan benci na faɗa masa duk abin da ya faru. Bai ɗago daga rediyon ba sai da na gama.

"Hannun ya karye?"

"Ban sani ba, Shef."

"Ba ka je ka duba ba?"

Na girgiza kai.

"Ni ba liman ba ne, ba kuma fasto ba, kada ka kawo mini kuka," in ji shi. "Mata da yara nawa ne a ƙarƙashin bedin nan? Gobe me za su sha?"

Ya rufe rumfar, muka biya muka ɗauki Alhassane tela, wanda shi ma ya yi sansanin, muka tafi gidan mai unguwa. Aka aika kiran Nomau. Ya zo da wuƙarsa a ƙugu yana warin hayaƙin tsire.

Mai unguwa ya ce, "An ce yaron ya zage ku."

"Da hagu ya gaishe mu, Baba, gaban mutane."

Na ce, "Ba ku ya gaisar ba, ni ne. Abokina ne, tanti ɗaya muka kwana. Haka ƴan sukut ke gaisawa."

Mai unguwa ya ce bai taɓa jin wannan shirme ba. Sai Shef ya miƙa wa Alhassane hagu, Alhassane ya karɓa, suka girgiza a gaban dattawa kamar yara. Wani tsoho ya kawar da kai yana a'uziyya.

Mai unguwa ya ce, "Andarawus, kai ka koya wa ƴaƴan mutane wannan?"

"Ni ne, Baba. Ni na kuma sa su haƙa ramin tiyon da kuke shan ruwansa. Yaron da aka daka yana cikin masu haƙar."

Nomau ya juyo gare ni. "Kai ba ka ce ba ka san shi ba?"

"Na ce."

"To wane lokaci ka yi ƙarya, da safe ko yanzu?"

"Da safe."

Mai unguwa ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce a cire sarƙar, layi ɗaya za a yi, wanda ya riga zuwa shi zai ɗiba, amma daga bukkoki mata kaɗai za su zo, ban da maza. Nomau ya jefar da mabuɗin a kan tabarma. Da zai fita ya ce kada in sake taka inda suke shayi.

Washegari da sassafe na buɗe pampon da kaina. Na cika bidon nan biyu da Akoli ya bari, na ɗora a baro, na tura zuwa bukkoki ina tambaya. Aka nuna mini wata bukka a ƙarshen layin bedi. Wata tsohuwa ce zaune a bakinta, da ƙananan yara biyu. Na gaishe ta na tambayi Akoli.

Da Hausarta kaɗan-kaɗan ta ce ita ce mahaifiyarsa. Ta ce ta ɗaure masa hannun da kara, amma ya ƙi zama. Tun jiya da yamma wasu suka zo da mota, ya bi su. Ta nuna gabas da haɓa, wajen duwatsu, inda ƴan tawaye suke.

"Ya ce yaushe zai dawo?"

Ta girgiza kai. Ta dubi bidon, ta dube ni.

"Kai wane ne, ɗana?"

"Zayyadu."

Na jira in ga ko fuskarta za ta sauya. Ba ta sauya ba, bai faɗa mata ba. Ta ce ta san sunan, Zayyadu mai son cuku, Akoli yana yawan ba da labarina. Ta ce tun da suka iso yake cewa yana da ɗan'uwa a garin nan, in ya gan shi ruwa ba zai gagare su ba. Ta kama kaina da hannu biyu tana sa mini albarka da yarensu, ni kuwa na sunkuya na bar ta ta gama.

Na juye mata ruwan a salka da tukunya. Ta tambaya ko gobe ma zan zo, don ƙafarta ba ta kai ta pampo, yaran kuma ba su iya ɗaukar bido ba. Na ce zan zo. Na ɗora bidon a baro na koma layi, kafin ruwan ya ɗauke.