Lamba Ɗaya Ta Canza

Saura kaɗan ta fasa rubuta rahoton. Sau uku tana buɗe shafin tana rufewa, don ita ba ta son a ji muryarta a ofis. 'Yar Gwaji suke ce mata: ita ke gwada manhaja kafin a miƙa wa masu ita.

Wannan ta wani ɗakin awon jini ce. Mutum zai aika tambaya da lambarsa, rumbun bayanai ya dawo masa da sakamakonsa. Da sai an jira daƙiƙa tara. Injiniya ya yi wani gyara, amsa ta koma fitowa kafin ƙiftawar ido, Manaja har da tafi.

Ita dai saurin bai kwanta mata ba. Ta canza lamba ɗaya a cikin tambayar, sai ga sakamakon wani dattijo, da sunansa da lambar wayarsa. Sai ta sa lambar yayarta, wadda ta yi awo a can ta ɓoye wa kowa ban da ita. Ga shi nan a fili.

Ta isa teburin Injiniya, ta ce, "Yallaɓai, manhajar ba ta tambayar wane ne ke nema. Kowa take bai wa."

Bai ko ɗago ba ya ce, "Tantancewar ce ke mana nauyi, na ɗan cire ta. In mun miƙa gobe, sai a mayar daga baya."

"Daga baya yaushe?"

"Haba, 'Yar Gwaji! Wa zai zauna yana canza lamba? Ke da kika tsaya a firamare za ki koya min aiki?"

Aka kwashe da dariya.

Ta ce, "To in 'yar firamare ta gano kafin shayinta ya huce, wa kake jin zai kasa?"

Ta koma ta rubuta rahoton, layi shida. Sirrin yayarta, don a rage daƙiƙa tara!

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta ajiye rahoton a teburin Manaja, ta ɗora takardar amincewa da miƙa manhajar a kai, gurbin sa hannunta babu komai. Sannan ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofarsa.