Makullan Alhaji Labbo

Jikata Riskuwa ta gama jami'a ta dawo gida unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi, ta ce ta samu aiki. Na tambaye ta me ake sayarwa a wurin. Ta ce shawara.

Na ce, "Shawara? Irin wadda nake ba ubanki kullum kyauta yana zubarwa?"

Ta ce, "Ita fa, Kaka. Tamu biya ake yi, shi ya sa ake ɗauka."

Sunan aikin da Turanci ne, bakina bai karɓe shi ba. Abin da na gane shi ne, in abu ya cakuɗe wa mai kamfani sai ya kira su. Su zo da kwamfuta, su tambayi ma'aikatansa abin da ke damun wurin, su tafi, su dawo su gaya masa. Ni busasshen kifi na sayar har ƙarfina ya ƙare. Mai saye yana ɗagawa ya shinshina kafin ya biya. Ban san yadda ake shinshina shawara ba.

Ni kuwa na riga na taka da ƙafata zuwa wani ofishin gwamnati, wurin ɗan wani da muka ci kasuwa tare. Ya ce akwai kujera, yarinya ta zo. Aiki ne na mutunci: ka je da hantsi, ka dawo bayan azahar, ka tsufa a ba ka fansho. Riskuwa ta ce ba ta so. Muka ja har ubanta ya shiga tsakani, aka tsaya a kan magana ɗaya. A wurin masu shawarar nan, gwaji take yi. In sun riƙe ta, na cire bakina. In sun sallame ta, ta hau kujerar gwamnati ba tare da ƙorafi ba.

Mai wurin wata Bayarabiya ce, Madam Yewande. A nan unguwar Nasarawa aka haife ta, ubanta kayan mota yake sayarwa, Hausarta ta fi ta wasu da na sani. Ofishinta ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Doka biyu ta kafa wa Riskuwa. Sabon shiga ba ya magana a gaban mai kamfani, nasa ɗaukar majigi da rubutu. Sannan a wurin aiki babu dangi, babu sanayya. Ta kuma gaya mata gaskiya: aiki ɗaya ne a hannunsu mai kauri, na wani kamfanin casar shinkafa a Argungu. In masu kamfanin sun gamsu sun ba su kashi na biyu, akwai wurin zamanta. In ba su bayar ba, babu.

Da na ji sunan kamfanin sai na yi dariya. Na Labbo ne.

Ni da Alhaji Labbo tare muka tashi a Argungu, tare muka koyi iyo, tare aka yi mana duka. Shi ya bi shinkafa, ni na bi kifi. Ciwon kamfaninsa kuwa ba sai an kawo kwamfuta ba, duk garin an sani. Makullai ne. Na sito, na ɗakin man dizal, na ɗakin ma'auni, na ofis, duka a igiya ɗaya suke, igiyar kuma a ƙugun Labbo take. Labbo kuma ba a suna ko ɗaurin aure ko jana'iza daga nan har Augie ba tare da shi ba. In ya tafi, motocin shanshera, shinkafar da ba a casa ba, su yi layi a bakin ƙofa, ma'aikata su kwanta gindin bishiya, inji ya yi shiru har sai Allah ya dawo da shi. Babban ɗansa Zayyanu shi ake kira manaja. Mutum ne da furfura a gemu, yana da surukai, amma ko buhu ɗaya ba ya iya fitarwa sai Baba ya dawo. Kuma ba zai iya buɗe baki ya ce wa ubansa kawo makullan ba. Wa zai iya? Shi ya sa ya ɗauko masu shawara su faɗa a madadinsa.

Riskuwa ta shiga zirga-zirga. Ta fita da sassafe, ta dawo da dusa a mayafi, ta zauna tana zana akwatuna a kwamfuta tana ja musu igiyoyi. Na leƙa na ce mene ne wannan. Ta ce sirrin aiki ne. Na ce sirrin da mai sayar da ƙosai a ƙofar kamfanin ta sani.

Ni ba na wasan jika. Ban taɓa yi ba, ba na so. Labbo ne mai wannan. Tun Riskuwa na rarrafe yake ce mata amarya, ita kuma da ta yi baki take ce masa ango, tana cire masa hula tana cewa sai ya fanshe ta. Saboda haka ban yi mamaki ba da ya kira ni a waya yana huci.

"Arzika, mi na yi wa wagga jika taka? Ta shigo ofishina tana ce mini ranka shi daɗe, Alhaji. Na ce amarya, ta dubi takarda."

Na ce, "Dokar wurin aikinsu ce."

"Dokar banza. Ran Laraba za su karanta mini abin da suka gano. Ka zo ka ga aikin da ta ƙi gwamnati saboda shi."

Na je. Ina so in ga ƙarshen abin da idona.

A ofishin Labbo aka zauna da hantsi. Shi a kujerarsa, ni a gefensa, Zayyanu a can kusa da ƙofa kamar baƙo. Ma'aikata sun taru a taga. Riskuwa ta haɗa majigi ta haska bango, ta koma lungu da littafinta. Ko kallona ba ta yi ba.

Madam Yewande ta iya magana, wannan ba zan hana ta ba. Ta yabi Labbo tun daga buhunsa na farko. Ta nuna layuka masu hawa da masu sauka. Ta ce sake fasali, ta ce rarraba nauyi, ta ce sabon zamani. Ta zagaya, ta zagaya, kalmar makulli ba ta fito daga bakinta ba ko sau ɗaya. Daga ƙarshe ta nuna akwatunan nan. Zayyanu a tsakiya, igiyoyi sun sauko daga gare shi zuwa sito da inji da ma'auni. Can sama kuma ga wani babban akwati mai ruwan zinariya, shi kaɗai.

Ta ce, "Wannan naka ne, Baba. Uban kamfani. Matsayi ne na girma."

Labbo ya gyara tabarau. "Shi ne ya fi na kowa girma?"

"Ƙwarai, Baba."

"Kuma shi ne a sama?"

"Babu kowa a samansa."

"To madalla. Ashe kun san aiki. Duk na yarda, Allah shi yi albarka." Ya miƙe, makullai suka yi ƙara a ƙugunsa. "Ku tashi in rufe ofis. Akwai suna a Augie, na makara."

Zayyanu ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, Madam ya kalla, kallon wanda ya sayi kifi ya je gida ya tarar da tsutsa. Sun yi wa tsoho ladabi har ladabin ya cinye saƙon. Kashi na biyu ya tafi ke nan. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na fara tunanin wace riga zan sa in raka yarinya ofishin gwamnati.

Riskuwa tana naɗe wayar majigi. Sai ta ajiye ta.

"Ango."

Labbo ya tsaya cak. Fuskarsa ta washe. "A'a! Yau an tuna da ni?"

Madam ta ce a hankali, "Riskuwa." Ba ta waiwaya ba.

"Ango, zauna. Ina za ka da wannan ƙafar da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa? Jaririn Augie zai samu suna ko ba ka je ba."

"Ji 'yar banza! Ni da na fi samarinku ƙarfi?"

"Ƙarfin yawo. Dubi akwatinka da kyau, tsoho mai ran ƙarfe. Ni na zana shi. Ka ga igiya ko ɗaya ta sauko daga jikinsa?"

Labbo ya dubi bango. Ya daɗe yana dubawa.

Ta ce, "Babu. Tabarma ce muka shimfiɗa maka a sama, muka shafa mata ruwan zinariya don kada ka ji haushi. Abin da aka tara mu a faɗa maka shi ne ka tsufa. Kana tafiya da kamfani a ƙugu, mutane na kwana da yunwa gindin bishiya. Kawo makullan."

Har ma'aikatan da ke taga suka daina motsi. Da Zayyanu ne ya faɗi rabin wannan, da ya bar gidan a ranar. Da Madam ce, da an fitar da majiginta ta taga. Amma a wurinmu tsohon da ya yi fushi da maganar jika ya zama abin dariya har ya mutu. Labbo ya san haka, shi da ya fi kowa cin wannan wasa.

Ya juya ga ɗansa. "Kai ka aiko ta?"

Riskuwa ta ce, "Shi ina ya ga baki? Ka bar bawan Allah ya yi furfura a bakin ƙofar sito."

Labbo ya dube ni. Na ce, "Kada ka dube ni. Kai ka koya mata."

Ya koma ya zauna. Ya ɗaga riga ya kama igiyar. Ƙullin ya daɗe, ya ƙi kwancewa. Ya yi da farce, ya yi da haƙori. Ba wanda ya matsa ya taimaka, kuma daidai ne. Daga baya ya ciro 'yar wuƙar da yake fasa goro da ita ya yanke. Ya zare wani ƙaramin makulli ya jefa a aljihu.

"Wanga na durowar gorona ne. Ko Bature ya zo ba ni ba da shi."

Sauran ya wurga wa Riskuwa. Ta cafe.

Ya ce, "Ke na ba, amarya. Ba wancan ba. Tunda ke ce mai baki, gobe ki zo ki zauna nan, ke ce manaja. Ki bar bin Bayarabiya da majigi a ka."

Da gaske yake, na san muryarsa. Zuciyata ta ce, karɓi, yarinya. Manajan kamfanin shinkafa ya fi gwamnati, ya fi shawara nesa ba kusa ba. Zayyanu kuwa fuskarsa ta koma kamar toka.

Riskuwa ta juya makullan a hannu, ta auna nauyinsu. Ta ce, "Na karɓa, ango, na gode. Amma matar gida ba ta zuwa sito da kanta. Ɗanta take aika." Ta ɗaga murya. "Zayyanu, ɗana, zo nan."

Mutumin nan da furfurarsa ya taso, ya rusuna, ya miƙa hannu biyu. Ya ce, "Na gode, Inna."

Taga ta fashe da dariya. Labbo ma ya yi, har yana share ido da hannun riga. Ya daɗe yana sharewa, fiye da yadda dariyar ta kai. Na kawar da kai. Kafin mu fito, inji ya tashi.

Madam ce ta dawo da mu Birnin Kebbi a motarta. Da muka yi nisa sai ta dubi Riskuwa.

"Doka nawa na ba ki?"

"Biyu, Madam."

"Nawa kika karya?"

"Duka."

"Kin kuma gaya wa mai kamfani cewa zanenmu yaudara ne, a gaban ma'aikatansa."

"Ai yaudarar ce, Madam."

"Na sani, ni na ce ki shafa masa zinariya." Ta kauce wa wani rami. "Zayyanu ya tare ni a bakin mota, ya ba mu kashi na biyu. Litinin ki zo da wuri, teburin da ke kusa da taga naki ne. Ki rubuta rahoton yau. Kada in ga kalmar ango a ciki."

Sai ta dube ni ta madubi. "Baba, cikin abokanka akwai wani mai kamfani?"

Na ce, "Na kirkin sun mutu. Masu taurin kai suka rage."

Ta ce, "Su nake nema."

A gida na tambayi Riskuwa dalilin da ta ƙi kujerar manaja. Ta ce ita ba ta son zama wuri ɗaya, so take ta leƙa kamfanoni da yawa ta ga irin haukan kowa. Na ƙyale ta. Na yi alkawari zan cire bakina.

Washegari na sa rigar da na yi niyya, na tafi ofishin gwamnati ni kaɗai in mayar musu da kujerarsu. Na tarar da ƙofa a kulle, mutane a zaune a baranda. Masinja ya ce mai gida ya tafi ɗaurin aure da makulli. Na bar saƙo.

Da na dawo na iske Labbo a ƙofar gidana, ya shimfiɗa tabarmata da kansa. Yanzu kusan kullum yana nan. Yana cin tuwona, yana shafa ƙugunsa inda igiyar take da, yana tambaya ko amarya ta dawo daga aiki. Wannan ita ce ribar da ni na samu a shawara.